Idan hidimar intanet ba ruwanta da irin kwamfutarka, me ya kawo rigimar SOAP da REST?

"Assalamu alaikum Malam. Na gama karatun kwamfuta bara, yanzu kuma ina rubuta wa wata ƙungiyar manoma ta gama-kai a Kumo manhajar karɓar adashin mambobi da biyan bashin taki. Da PHP na rubuta ta, a kan saba mai Linux. Kamfanin da ke karɓar mana kuɗi ya ba ni API na REST mai amfani da JSON, na haɗa shi cikin kwana biyu. Amma bankin ƙungiyar ya turo mini fayil ɗin WSDL da misalin da aka rubuta da C#, jami'insu kuma ya ce su da masu Windows suka saba aiki. A makaranta an koya mana cewa hidimar yanar gizo ba ruwanta da dandamali, wato irin tsarin kwamfutar da mutum ke amfani da shi. To me ya sa ƙa'idojin suka yi yawa haka? Sai na koma Windows ke nan? Kuma wanne ya kamata in riƙe?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa aikin albarka. Idan na fahimce ka, abin da ke damunka shi ne an yi maka alkawarin cewa kowace manhaja za ta iya magana da kowace, sai ga shi ranar farko da ka fita fagen aiki an tambaye ka irin kwamfutar da kake amfani da ita. SOAP da REST hanyoyi biyu ne na gina API, wato ƙofar da manhaja ke bi ta yi magana da wata, fayil ɗin WSDL da banki ya turo kuma alama ce cewa da SOAP suke aiki. Bari in fara kwantar maka da hankali: mai yiwuwa ne ƙwarai ba sai ka koma Windows ba, domin PHP tana da SoapClient a cikinta tun fitowar PHP 5 a 2004, kuma aikinsa ke nan, ya karanta WSDL ya yi magana da saba, wato kwamfutar da ke amsa bukatun wasu, ko da wane harshe aka rubuta manhajarta. Abin da malamanku suka faɗa gaskiya ne, sai dai rabin maganar ce. Ƙa'ida tana daidaita ambulan ɗin da ake sa saƙo a ciki, amma ma'anar abin da ke cikin saƙon, wannan ku biyu ne za ku zauna ku daidaita, kuma a nan ne galibin wahalar take.

Yadda aka zo nan

Kafin zuwan hidimar yanar gizo, idan manhajoji biyu da ke kan kwamfutoci daban za su yi magana, sai an zaɓi gida. Akwai CORBA, wadda ƙungiyar OMG ta fitar a 1991 da niyyar ta haɗa kowa da kowa, amma kayan kamfanoni daban-daban sun daɗe ba sa jituwa da juna yadda ya kamata. Microsoft ta zo da DCOM a 1996, wadda a aikace ta mutanen Windows ce. Kamfanin Sun ya sa RMI a cikin Java a 1997, ita kuma tana son a samu Java a ɓangarorin biyu. Dukkansu suna aika saƙo a sigar da ɗan Adam ba ya iya karantawa da ido, kuma katangar tsaron kamfanoni takan tare su, tunda ba ta ƙofar da shafukan intanet ke bi suke wucewa ba.

Dabarar da ta canja lamarin mai sauƙi ce. Kowace kwamfuta ta riga ta iya HTTP, yaren da ake buɗe shafukan intanet da shi, kowace katangar tsaro kuma ta bar ƙofa ta 80 a buɗe saboda shafuka, to me zai hana a rubuta saƙon da haruffan da kowa ke karantawa a tura shi ta nan? XML, tsarin rubuta bayani da haruffa, ta zama ƙa'idar W3C, hukumar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, a Fabrairun 1998, a shekarar ne Dave Winer ya fitar da XML-RPC bayan aikin da ya yi tare da mutanen Microsoft, daga wannan aikin kuma SOAP ta fito. An miƙa SOAP 1.1 ga W3C a watan Mayun 2000, WSDL 1.1 ta biyo baya a 2001 domin ta bayyana ayyukan da saba ke yi da irin bayanan da take karɓa, SOAP 1.2 kuma ta zama cikakkiyar ƙa'ida a 2003. Fayil ɗin da banki ya turo maka ɗan wannan zamanin ne, kuma kada ka raina shi. Takardar yarjejeniya ce da inji ke iya karantawa, abin da masu REST suka shafe shekaru ba su da irinsa.

Abin da ya sa ƙa'idojin suka hayayyafa

Dalili na farko kasuwa ce. Kamfanin da ƙa'idarsa ta yi nasara shi ne zai fi sayar da kayan aiki, saboda haka manyan kamfanoni suka mayar da teburin rubuta ƙa'ida fagen kokawa. Misalin da na fi tunawa shi ne na 2003, lokacin da ake neman hanyar tabbatar da cewa saƙo ya isa ba tare da ya ɓace ko ya maimaitu ba. Sun da Oracle da wasu kamfanonin Japan suka fitar da WS-Reliability, ba a yi wata uku ba Microsoft da IBM da BEA da TIBCO suka fitar da WS-ReliableMessaging. Matsala ɗaya, magani biyu, kuma wanda ya sha ɗaya ba zai iya magana da wanda ya sha ɗayan ba. Tun a 2002 ma sai da aka kafa wata ƙungiya mai suna WS-I, wadda aikinta kawai shi ne ta faɗa wa mutane sassan SOAP da WSDL da za su guje wa idan suna son Java da .NET ta Microsoft su fahimci juna, kuma ba a sa Sun, mai Java ɗin, cikin waɗanda suka kafa ta ba. Idan har ƙa'idar da aka yi don haɗin kai tana bukatar wata takarda da za ta rage mata faɗi, ka san an bar ƙofofi da yawa a buɗe tun farko.

Akwai kuma laifin kayan aiki. Mai rubutu da C#, harshen Microsoft, yakan danna maɓalli ɗaya manhajarsa ta haifar masa da WSDL, ba tare da ya taɓa buɗe fayil ɗin ya duba ba. Idan aikinsa yana mayar da DataSet, wanda abu ne na cikin gidan .NET, saƙon zai fita a matsayin XML mai kyau a ido, amma mai Java ko PHP ba zai samu bayanin ginshiƙan da ke ciki a WSDL ba, sai dai ya zauna ya warware shi da hannu. A takarda an bi ƙa'ida, a aikace an ɗaure ka da dandamalinsu. Ina zargin wannan ne asalin maganar jami'in bankin nan, wato bai taɓa ganin an gwada da wani abu ban da Windows ba, saboda haka a wurinsa abin na Windows ne.

Nauyin nan ne ya kori mutane zuwa REST. Roy Fielding, ɗaya daga cikin marubutan ƙa'idar HTTP, shi ya bayyana REST a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine a 2000, inda ya nuna cewa yanar gizo ta riga ta mallaki abin da ake bukata: adireshi ga kowane abu, ayyuka kaɗan irin su GET da POST da PUT da DELETE, da lambobin amsa irin su 200 da 404. Douglas Crockford kuma ya yaɗa JSON, tsarin rubuta bayani da ya fi XML sauƙi, wadda ta samu takardar RFC 4627 a 2006. A shekarar ce IBM da Microsoft da SAP suka rufe babban kundin UDDI na jama'a, wanda aka yi mafarkin zai zama wurin da kowace manhaja za ta je ta nemi abokiyar hulɗa, Google ma ta daina ba da sababbin makullan API ɗinta na bincike mai amfani da SOAP.

Sai dai ga abin da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba: REST salo ne na gini, ba ƙa'ida ba ce da za ka buɗe ka ce wane ya saɓa shafi kaza. Shi ya sa kamfani ɗaya zai mayar maka da 400 idan kuɗin asusu bai isa ba, wani kuma ya mayar da 200 ya ɓoye gazawar a cikin JSON. Da mutane suka ga suna bukatar abin da zai maye gurbin WSDL, sai aka sake sabuwar gasa tsakanin Swagger, wadda Tony Tam ya fara a 2011, da RAML ta kamfanin MuleSoft, da API Blueprint ta Apiary. Wannan karon an yi sa'a, domin Swagger ta koma ƙarƙashin Gidauniyar Linux a 2015 da sunan OpenAPI, masu sauran biyun kuma daga baya suka shigo cikin tafiyar.

Ba kowace sabuwar ƙa'ida ce son kai ya haifa ba, kuma adalci ne in faɗi haka. Facebook ta ƙirƙiri GraphQL a 2012 ta sake ta ga jama'a a 2015 saboda wayar hannu a kan sabis mai rauni ba ta jure tambaya goma don cika shafi ɗaya, gara ta yi tambaya guda ta zaɓi abin da take so. Google ta fitar da gRPC a 2015 a kan HTTP/2 domin sabobin da ke magana da juna sau dubbai a daƙiƙa, inda nauyin haruffa ke zama asara. Kowacce tana da wurin da ta fi dacewa da wurin da take gazawa, gRPC alal misali burauza ba ta iya magana da ita kai tsaye sai an sa ɗan tsakani. Ƙungiyar manoma mai mambobi 'yan ɗaruruwa ba ta bukatar ko ɗaya daga cikinsu a yanzu.

Inda 'yancin yake karyewa a zahiri

Ka san yadda awo yake a kasuwar Tudun Hatsi. Mai saye da mai sayarwa duk sun yarda da kalmar mudu, amma idan ba a faɗi mudun wace kasuwa ba, kuma ba a faɗi ko za a cika shi ya yi tsororo ko za a shafe bakinsa ba, to ciniki bai faɗa ba tukuna, rigimar tana jiran ranar auna buhu. SOAP da JSON su ne kalmar mudu. A shekarun da na yi ina haɗa manhajojin makarantu da asibitoci da ƙananan ƙungiyoyi tsakanin Gombe da Bauchi, ban tuna ranar da aiki ya tsaya don ɗaya yana Linux ɗaya yana Windows ba. Abin da ke tsayar da aiki ƙanana ne, kuma su nake so ka sa wa ido.

Ɗauki lambar asusu. NUBAN, wato lambar asusun banki, tana da lambobi 10, kuma da yawa da sifili suke farawa. Na taɓa kwana biyu ina neman dalilin da ya sa albashin malamai bakwai na wata makaranta mai zaman kanta yake dawowa, alhali na sauran yana shiga. Da na buɗe saƙon da ke fita daga sabarmu na dube shi da idona, sai na ga 0012345678 ta zama 12345678, domin wani laburare a tsakiya, wato shiryayyen kod da manhaja ke aro, ya ɗauke ta a matsayin adadi, adadi kuwa ba ya riƙe sifilin gaba. JSON ɗin ba shi da aibi ko kaɗan ta fuskar ƙa'ida. Tun ranar nake rubutawa a kowace yarjejeniya cewa lambar asusu da BVN da NIN da lambar waya rubutu ne, ba abin lissafi ba ne. Haka lambar shaidar tura kuɗi mai lambobi 30 da kake gani a rasit. JavaScript ba ta riƙe cikakken adadi daidai idan ya wuce 9,007,199,254,740,991, saboda haka idan ka tura irin wannan lamba a matsayin adadi, wutsiyarta za ta canja ba tare da wani gargaɗi ba. Twitter da kanta sai da ta ƙara fili na biyu mai suna id_str saboda wannan matsalar.

Kuɗi ma haka. Yawancin harsunan kwamfuta idan ka ce su tara 0.1 da 0.2 za su ba ka 0.30000000000000004, saboda yadda inji ke ajiye ɓangaren adadi. Shi ya sa Paystack ke karɓar kuɗi da kwabo, wato naira 5,000 sai ka rubuta 500000. Idan bankinku naira yake karɓa kai kuma ka tura masa kwabo, ka ninka bashin manomi sau ɗari, kuma babu ƙa'idar da za ta tsayar da kai. Kwanan wata kuwa, 03/04 a wurinmu uku ga Afrilu ne, a wurin manhajar da aka saita da tsarin Amurka huɗu ga Maris ne. Ka riƙe ISO 8601, shekara sannan wata sannan rana, kuma ka haɗa da bambancin agogo, domin Najeriya tana gaban agogon UTC da awa ɗaya, wanda ya biya kuɗi da sha biyu da rabi na daren shiga sabon wata zai iya faɗawa lissafin watan da ya wuce.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na haruffanmu. Ƙ da ɗ da ɓ suna cikin Unicode, kuma UTF-8 tana ɗaukarsu lafiya, amma tsohon tsarin Windows-1252 da latin1 ba su san su ba, haka alamar naira. Na ga rasit ɗin wani dattijo mai suna Ɗanladi ya fito da alamar tambaya a madadin harafin farko na sunansa, ya juya takardar yana dubawa ya tambayi akawu ko kwamfutar ce ba ta yarda shi ne ba. Saƙon ya bar wayarsa daidai, ya ratsa intanet daidai, rumbun bayanan da ke can ƙarshe ne aka kafa da tsohon tsari. Saboda haka duk lokacin da kake gwaji, ka sa sunaye masu ƙugiya a ciki da gangan, kada ka tsaya kan Musa da Aisha.

Sannan akwai sabis. Wakilin ƙungiya yana wani ƙauye a bayan Kumo, ya danna biya, saƙo ya isa banki, amsar ce ta maƙale a hanya. Wayarsa ta ce ba a yi nasara ba, ya sake dannawa, aka cire kuɗi sau biyu. Maganin shi ne kowace bukatar biya ta ɗauki lambar shaida tata da kai ka ƙirƙira, idan an sake aikawa a sake da lambar nan, ɓangaren da ke karɓa kuma ya gane ya riga ya gan ta. Dole ka tambayi banki ko suna mutunta irin wannan lamba, kuma ko suna da hanyar tambayar matsayin ciniki kafin a maimaita shi. WSDL ba zai faɗa maka wannan ba, OpenAPI ma ba lallai ba ne.

Ɗaurin da ya fi na Windows tsanani

Yau ba tsarin kwamfuta ne ya fi ɗaure mutane ba, kamfanin da ke riƙe da API ɗin ne. Facebook ta sanar a Janairun 2016 cewa za ta rufe Parse, wadda dubban manhajojin waya suka dogara da ita, ta ba su shekara guda su kwashe kayansu. Twitter ta sa kuɗi a kan API ɗinta a 2023, ayyuka da dama suka mutu. Dukkansu REST ne da JSON, suna aiki a kan kowace kwamfuta, amma hakan bai ceci kowa ba. Hatta kayan aikin SOAP masu gidan sun janye jiki daga gare su: Java 11 ta cire JAX-WS daga cikinta a 2018, Microsoft kuma ba ta kai ɓangaren saba na WCF, kayan aikinta na SOAP, cikin sabuwar .NET ba, sai aikin CoreWCF ne ya cike gurbin. A gida Najeriya, Babban Banki ya fitar da tsarin buɗaɗɗiyar hulɗar banki a 2021 da ƙa'idojin aiwatar da shi a 2023, da nufin bankuna su riƙa magana da murya ɗaya. Abin farin ciki ne, amma tsofaffin sabobi ba sa ɓacewa ranar da aka sa hannu a takarda, don haka ka shirya zama da SOAP na wasu shekaru.

Abin da zan yi da ni ne kai

Zan gina katanga a cikin manhajata. Zuciyar manhajar, inda ake lissafin adashi da bashi, kada ta san kalmar SOAP ko JSON ko sunan wani kamfani. Abin da za ta sani shi ne ayyukanta da harshenta: karɓi kuɗi, tura kuɗi, duba matsayi. Kowane abokin hulɗa sai ka yi masa ɗan adafta nasa, kamar yadda kake sa wa caja mai ƙafa biyu adafta kafin ta shiga soket mai ƙafa uku. Adaftan banki ya juya kwabonka zuwa abin da banki ke so, ya juya lambobin kuskurensu zuwa naka. Ranar da ƙungiya ta canja banki, fayil ɗaya za ka sake rubutawa. Wannan yana cin ƙarin kwanaki a farko, kuma ba na ba da shawararsa ga abin da ba ya taɓa kuɗi ko wanda za a yar bayan wata uku, amma a naka aikin ya cancanta. Ka kuma riƙa ajiye ainihin saƙon da ya fita da wanda ya dawo, bayan ka share kalmomin sirri, domin ranar da aka yi gardama da banki shi ne shaidarka.

API ɗin da kai za ka buɗe wa manhajar waya kuwa, ka yi shi da REST da JSON a kan HTTPS, ka rubuta OpenAPI ɗinsa kafin ka rubuta kod, ka sa lambar siga a adireshinsa don tsofaffin wayoyin da ba a sabunta ba su ci gaba da aiki. Abin da ya kamata ka koya da zurfi shi ne HTTP kanta, sannan XML da JSON har ka iya karanta su ba tare da kayan aiki ba, domin duk waɗannan ƙa'idoji a kansu suke zaune.

Akwai inda maganata ta farko za ta iya gazawa, kuma fayil ɗin da ke hannunka ne zai raba gardama. SoapClient na PHP ba ya yin WS-Security da kansa, idan banki na bukatar sa hannu na lantarki a kan saƙo sai ka rubuta ɓangaren saman saƙon (header) da hannu ko ka nemi ƙarin laburare. Idan kuma sabarsu WCF ce da aka saita da netTcpBinding, to wannan ɗaurin gaske ne, PHP ba za ta shiga ba. A nan sai ka roƙe su su buɗe maka basicHttpBinding, wanda aka yi shi musamman don baƙi irinka. Idan sun ƙi, ka rubuta 'yar ƙaramar gada da C# wadda aikinta kawai ta karɓi JSON daga gare ka ta miƙa wa banki, sauran manhajar ta zauna inda take a kan Linux.

Saboda haka gobe ka rubuta wa jami'in, cikin ladabi, ka ce ba misalin C# kake nema ba. Ka roƙi cikakken saƙon XML guda ɗaya na bukata da guda ɗaya na amsa kamar yadda suke tafiya a kan intanet, da misalin amsa idan ciniki ya gaza, da adireshin sabar gwaji. Ka tambaye shi ko SOAP 1.1 ce ko 1.2, domin ta farko tana tafiya da text/xml da header mai suna SOAPAction, ta biyu kuma da application/soap+xml, kuma wannan ɗan bambancin kaɗai ya isa ya sa saba ta ƙi ka. Idan sun turo, ka fara aika saƙon nan da manhajar gwaji irin SoapUI ko curl kafin ka taɓa PHP, da lambar asusu mai farawa da sifili da sunan mamba mai ƙugiya. Duk amsar da ta dawo, ka turo mini ita yadda take mu duba tare.